Gwaggo Ƙanƙara da Kwalbar Gilashi

Kafin masu shara su gama goge baranda, Gwaggo Ƙanƙara ta riga ta iso. Takan cusa jakarta ƙarƙashin tebur, ta ɗora rigar sanyi a kan kayanta, ta ɗora farar rigar aiki a kan rigar sanyin, sannan ta ɗauki bokitin roba ta nufi injin ƙanƙara da ke ƙarshen baranda. Daga bokitin nan sunan ya samo asali. Ɗaliban da suka laƙa mata shi tuni wasunsu sun zama manyan likitoci masu tumbi, amma sunan yana nan daram, har wani sabon akawu ya taɓa rubuta shi a takardar hutunta don ya ɗauka na yanka ne. Ita kuwa ko a jikinta. In an kira, ta amsa.

Wurin aikinta ɗakin gwaje-gwaje ne a bayan wani babban asibiti, can inda maras lafiya ba ya zuwa sai in hanya ce ta ɓace masa. A cikinsa akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ba taga, sanyinsa daidai da na cikin firji. Kowa shiga yake yi ya ɗauko abin da ya kai shi, ya fito da sauri yana hura hannu. Gwaggo a nan take wuni, yau kusan shekara talatin.

Aikin nata yana buƙatar ɗan bayani, don ko 'ya'yanta sun jima suna ce wa mutane wankin kwalabe take yi a asibiti. A jikin kowane ɗan Adam akwai wani furotin, ɗan mitsitsin da ido ba ya gani, aikinsa jin shigowar kalsiyam cikin ƙwayoyin jiki. Kalsiyam ɗin nan da aka sani da ƙarfafa ƙashi, shi ne kuma ke ba tsokar zuciya umarni ta matse. Da ya shigo, sai furotin ya cafke shi ya sanar da sauran. Masana suna kiransa kalmodulin, amma a ɗakin su Gwaggo Maigadi ake ce masa. Ba yanka mutum ake yi a ciro shi ba. Umarnin ƙera shi ake ɗauka daga gadon halittar mutum, a cusa wa ƙwayoyin bakteriya, a yi kiwonsu a cikin wani romo mai ɗumi da ke wari kamar safar da ta kwana a takalmi. Su kuwa su yi ta hayayyafa suna ƙera furotin ɗin mutum, ba su san wa suke yi wa bauta ba. Daga nan a farfasa su, a tace, a sake tacewa a cikin sanyi don kada ya lalace, har a samu ɗan ruwa garau a gindin 'yar kwalba, bai ko cika cokalin shayi ba. Ɗan ruwan nan shi ne aikin Gwaggo. Masu bincike su karɓa, su yi gwaji, su wallafa takardu da sunayensu a sama. Nata sunan, in an tuna, yana can ƙasa cikin waɗanda aka gode wa.

Doka ɗaya take da ita, kuma duk wanda ya ratsa ta hannunta ya haddace ta ko yana so ko ba ya so. Ruwan da za a auna Maigadi da shi ba ya taɓa gilashi. Gilashi yakan riƙe kalsiyam, balle wanda ya sha wanki da ruwan famfo, sai ya riƙa tsiyayar da shi a ɓoye ya gurɓata awo. "Roba, ɗana, roba," in ji ta. "Gilashi munafiki ne, da abu a cikinsa ba zai faɗa maka ba." An ga ranar da ta juye aikin wani ɗalibi gaba ɗaya a magudana don ya karya dokar, yana tsaye kamar ya yi kuka. Da ya huce, ita ce ta tsaya a kansa suka sake yi tun daga farko. Ɗalibin nan shi ne likitan zuciyar da ke shugabantar ɗakin a yau, wanda kowa ke kira Likita, ita ma haka, sai in ba ya kusa ta ce yaron nan.

Ke ce, Gwaggo, mai kiwon abin da ba a gani. Ke ce kika koya wa rabin asibitin nan yadda ake riƙe bututun awo, ba wanda ya taɓa ganin hannunki ya yi rawa.

To, sanyi bai bar ta haka ba. A hankali ya ci hannuwan. Da farko yatsun ne ke yin fari fat in ta jima a ciki, su koma shuɗi, in ta fito su yi ta zugi. Daga baya gaɓoɓin suka kumbura suka karkace, babban yatsan dama ya daina jin magana. Sai ta shiga sa safar hannu biyu, ta ulu a ciki, ta roba a waje, ba ta cirewa ko a wurin shan shayi. Aka ɗauka tsabar tsabta ce, aka ƙara yabonta. Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, wato mijinta, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya ajiye aiki, don shi ke ɓalla mata maɓallan riga kowace safiya.

"Ki faɗa musu mana," in ji shi. "Ciwo ai ba sata ba ne."

"In faɗa musu su ce in dawo gida in zauna in yi ta kallonka, Malam?"

"Ina laifin kallona?"

"Shekara nawa ina yi, me na ƙaru da shi?"

Sai ya yi dariya ya ƙyale ta. Amma ya san ba wasa take yi ba. Ranar da aka raba matar nan da ɗakin sanyi, an raba ta da abin da take tashi dominsa.

Ana nan sai ga Kafinta. Mutum ne dogo, maras yawan magana, da ƙurar katako a gashin hannunsa. 'Ya'ya uku Allah ya ba shi. Na farin ya faɗi a filin ƙwallo yana tsakiyar gudu, kafin a kawo ruwa rai ya yi halinsa. Aka ce rana ce ta buge shi. Ba a jima sosai ba na biyun ya shiga ruwa da abokansa, ruwan da bai kai masa ƙirji ba, aka ciro gawa. Nan kuma bakin mutane ya buɗe. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce a binciki dangin uwar. Saura Auta, yarinyar da ba ta wuce shekara tara ba, wadda ba ta san tafiya ba sai gudu.

Likita ya binciki jinin Auta da ɗan jinin na biyun da aka adana a asibiti, ya tarar da wani ɗan sauyi iri ɗaya a umarnin ƙera Maigadinsu. Sai dai ba kowane sauyi ne cuta ba, wani sauyin ba ya hana komai. In wannan ne ya kashe yaran, dole a yi wa Auta tiyata a dasa mata wata 'yar na'ura ƙarƙashin fata mai farfaɗo da zuciya in ta rikice, ta sha magani har iyakar ranta, ta manta da gudu da iyo. In kuwa ba shi ba ne, babu dalilin tsaga ƙirjin yarinya mai lafiya. Hanyar sani ita ce a ƙera Maigadi irin na Auta, a auna yadda yake cafke kalsiyam, a gwada da na sauran mutane. Kafin nan Likita ya ɗora Auta a kan magani, ya hana ta guje-guje. Aikin ƙerawar ya faɗo kan Gwaggo.

Ba a yarda 'yan'uwan marasa lafiya su zo wannan ɓangaren ba, amma wa zai kori Kafinta? Yakan zo ya zauna a bencin baranda, ba ya tambayar kowa komai. Da zaman ya ishe shi, ya zo da guduma ya gyara bencin, ya gyara ƙofar ɗakin ajiya, ya gyara wata kujera da ta shekara tana jiran a jefar. In Gwaggo ta wuce da bokitinta sai ya miƙe.

"Gwaggo, ya jikin mutanen naki?" Bakteriyar yake nufi.

"Suna ci suna ƙiba, Malam Kafinta. Ka ƙara haƙuri."

Kiwo ya yi kyau, tacewa ta yi kyau. Aka auna Maigadin sauran mutane, ya fito yadda aka san shi. Ranar da za a auna na Auta ruwan awo ya ƙare, sai an haɗa sabo. Gwaggo ta ɗauko sabuwar kwalbar roba daga kwali, irin mai murfin da ake murɗawa da ƙarfi kafin ya ɓalle. Ta murɗa, ina! Ta sa tsumma, ta matse kwalbar a hammata, ta cije leɓe har hawaye ya zubo mata. Murfi ko gezau. A ɗaya ɗakin tana jiyo hirar mutane, masu hannu lafiyayye har sun yi yawa. Taku kaɗan ne, da kalma biyu, buɗe mini. Amma matar da ta shekara talatin ana kawo mata abin da ya gagara, in ta miƙa kwalba yau, gobe idon kowa yana kan hannunta.

A saman kantar ajiye kaya akwai wata tsohuwar kwalbar gilashi mai murfin da ake ɗagawa da yatsa biyu. Ta dube ta, ta kau da kai, ta sake dubawa. Ta sauko da ita ta ɗauraye da tataccen ruwa, ta sake ɗaurayewa, ta ce wa ranta ai sau ɗaya ne, kuma ta wanku. A ciki ta haɗa ruwan awon Auta.

Sakamako ya fito tas. Maigadin Auta ya cafke kalsiyam kamar na kowa. Likita, da ya jima yana kwana da tashi da maganar yarinyar nan, bai san lokacin da ya buga tebur ba. Da wani ne ya yi awon da ya ce a maimaita kafin a buɗe baki, amma aikin Gwaggo ne, wa ke bin bayan aikin Gwaggo? Ya fita baranda ya ce wa Kafinta alamu sun yi kyau ƙwarai, an jingine maganar tiyata, za a fara rage magani, yarinya ta ɗan riƙa wasa. Kafinta ya zo har bakin ƙofar ƙarfen nan, ƙaton mutum, ya durƙusa a ƙasa.

"Gwaggo, Allah ya biya ki. Allah ya sa ki gama da duniya lafiya."

Ta ce amin, muryarta can ƙasa. Ta fi kowa sanin abin da ƙarin kalsiyam na ɓoye ke yi. Maigadi mai rauni ma, in aka yi masa ambaliyar kalsiyam, zai kama ya yi kamar lafiyarsa ƙalau.

Ba za mu ɓoye ba, Gwaggo ta yi shiru, kuma shirun ya ɗauki kwanaki. Ta riƙa gaya wa kanta wataƙila kwalbar ta wanku, wataƙila sakamakon gaskiya ne, wa ya sani? Ba wanda ya gan ta. Ta mayar da kwalbar saman kantar, ta juya ta ta fuskanci bango. A gida abinci ya daina shiga. Mijinta ya zuba mata ido, ya ga ba hannu ne ke ciwo ba wannan karon, sai ta faɗa masa. Bai yi mata wa'azi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni dai na san matar da na aura. Ban san wadda za ta dawo mini gida ba in kika bar wannan a cikinki." Ta ji haushinsa ƙwarai, har ta ƙi bari ya ɓalla mata maɓalli washegari, ta tafi aiki da rigar sanyi a buɗe.

Da hantsi tana wucewa ta baranda sai ta jiyo dariyar yarinya. Tagar barandar tana kallon wurin ajiye motoci. Kafinta ne da matarsa suka kawo Auta a duba ta kafin a rage maganin. Ya saya mata sababbin takalman gudu, farare, tana ta zagaya motoci a guje, kitsonta yana tsalle, tana waiwayen uban ko zai kamo ta. Uwar tana zaune a kan dakali tana murmushi. Gwaggo ta tsaya cak. Ta saki bokitin, ƙanƙara ta watse a ƙasa, ta tura tagar da gwiwar hannu ta ƙwala ihu da muryar da ba wanda ya san tana da ita.

"Ku riƙe yarinyar nan! Ku zaunar da ita!"

Daga nan ba ta tsaya ba. Ta ɗauko kwalbar gilashin ta shiga ofishin Likita ba sallama, ta dire ta a kan tebur. Sannan ta sa haƙori ta zare safar hannun, ta roba da ta ulu, ta shimfiɗa hannuwan biyu kusa da kwalbar. Likita ya dubi kwalba, ya dubi hannuwa. Likita ne, ba ya buƙatar bayani.

"Gwaggo, tun yaushe?"

"Hannun ko kwalbar?"

"Duka."

"Hannun ya jima. Kwalbar sau ɗaya ne, a awon Auta. Na kasa buɗe ta roba, na kuma kasa cewa a buɗe mini."

Ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna, idonsa ya yi ja. "Ni ma da nawa laifin, na yi gaggawar magana. Bari mu sake awon kawai. Zan ce injin ne ya samu matsala, ba wanda zai ji."

"Injin bai yi komai ba. Kada ka ɗora wa maras baki."

"Kin san abin da zai biyo baya? Dole in kai rahoto. Za a bi duk aikinki na baya-bayan nan a tantance. Kuma da hannun nan, Gwaggo, ba za su bar ki ki sake shiga ɗakin can ba."

"Na sani, ɗana. Ni na koya maka dokar." Ta mayar da hannuwan cikin aljihu. "Abu ɗaya nake roƙo. Uban yarinyar, ni zan faɗa masa."

A kan bencin da ya gyara ta same shi, ya bar Auta da uwarta a waje ya shigo jin dalilin ihun. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ta yi kuskure a awon, albishir ɗin da aka yi masa ba shi da tushe, sai an sake, kuma kafin nan kada yarinya ta yi ko sassarfa. Ta faɗa masa har kwanakin da ta yi tana ɓoyewa. Waɗanda ke barandar sun ce Kafinta bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Uwarta ta yi barci," in ji shi. "Tun rasuwar na biyun ban ga ta yi barci irin na kwanakin nan ba. Har munshari. Na zauna ina saurare kamar wawa." Ya ɗago ya dube ta. "Kin miƙo mini 'yata, na karɓa da hannu biyu, yanzu kin ce in dawo da ita. Kuma kina kallo na bar ta tana gudu."

"Ka yi haƙuri, Malam Kafinta."

"Haƙuri kam na iya shi. An koya mini sau biyu."

Ya tashi ya fita. Ta taga aka ga ya durƙusa gaban Auta yana kwance mata igiyar takalman, tana kuka tana fizge ƙafa.

Likita da kansa ya naɗe hannun riga ya shiga ɗakin sanyi, Gwaggo tana tsaye a bayansa, hannu a aljihu, tana cewa zuba nan, dakata, a hankali. Aka sake haɗa komai a roba. Aka auna, aka maimaita, aka kuma maimaitawa. Duk amsa ɗaya ce. Maigadin Auta yana da rauni, kalsiyam yana shigowa yana nawa wajen kama shi. Abin da ya kwantar da yayyenta yana nan kwance a ƙirjinta. Aka yi tiyata, aka dasa na'urar, aka ci gaba da magani, aka rubuta wa makaranta cewa ban da gudu, ban da iyo.

Aka bi aikin Gwaggo na baya ɗaya bayan ɗaya, ba a samu wani aibu ba. Wannan bai hana komai ba. Aka sallame ta saboda rashin lafiya, da sauran shekarunta na aiki. An yi ɗan taron ban kwana da lemon kwalba da jawabai. Kwamitin da ya sayo kyauta daga ofishin sama yake, bai san hawa ba bai san sauka ba, sai ga shi an miƙo mata saitin kofunan gilashi a kwali mai kyau. Mijinta ne ya fara fashewa da dariya, ya yi ta yi har da hawaye, daga baya aka lura dariyar ta jima da ƙarewa, hawayen ne bai tsaya ba. Kafinta bai zo ba.

Akwai masu cewa, to mene ne na jinjina? Mace ta karya dokar da ita ta kafa, ta ɓoye, ta kusa jawo asarar rai, sai kuma a tashi ana yi mata kirari? Masu wannan magana su dafa ƙirjinsu su faɗi gaskiya. Wa bai taɓa yin kuskure a bakin aiki ba ya share ƙafa ya wuce? Sau nawa aka ɗora wa inji, aka ɗora wa wuta, aka ɗora wa wanda ba ya nan? Kuskuren Gwaggo ba mai gani, ba mai ganowa har abada. Da Auta ta faɗi wata rana, cewa za a yi kwana ne ya ƙare, kuma Gwaggo na cikin masu zuwa gaisuwa da mutuncinta cikakke. An ma ba ta ƙofar fita ta ƙi bi. Wallahi ba mu da irinta da yawa, shi ya sa abin yake ba mu haushi in muka ji ana taɓe baki.

Ke ce, Gwaggo, kika zare safar hannu da haƙori a gaban yaron da kika koya wa aiki. Ke ce kika zaɓi uba ya tsane ki da 'yarsa a raye.

Yaro yaro ne, ba a ɗaure shi da takarda. Bayan wasu watanni Auta ta faki idon malamai ta bi ƙawayenta da gudu a filin makaranta. Ba ta yi nisa ba ta kife. Kafin a iso kanta na'urar ta yi aikinta, jikin yarinyar ya zabura, ta buɗe ido tana amai tana kuka, tana cewa wani ya harbe ta a ƙirji. Likita ne ya buga wa Gwaggo waya. Ba ta bari ya gama ba ta ce, "Ta tashi?" Ya ce ta tashi. Wayar ta suɓuce daga hannun, mijinta ya tsince ta ya ƙarasa sallamar.

Yanzu Gwaggo tana gida. Kwanakin ba sa yi mata sauri. Hannuwan sun ƙara lalacewa, ko allura ba ta iya zura wa zare, kuma har yau in gari ya waye jikinta yakan tashe ta kamar mai shirin fita. Sau ɗaya a wata takan je asibitin, ta ƙofar gaba, ta bi layin masu ciwon gaɓoɓi kamar kowa. A nan ne kwanan baya suka yi kiciɓis da Kafinta, ya kawo Auta a duba na'urar. Baranda ce matsattsiya, ba wurin kaucewa. Ya tsaya, ta tsaya. Ya rame, furfura ta fito masa. Yarinyar, da ba ta taɓa ganinta ido da ido ba, ta ja hannun rigarsa.

"Baba, wace ce wannan?"

Kafinta ya ce, "Gaishe ta. Ita ce ta hana ki gudu."

Auta ba ta gaishe ta ba. Ta ɗaure fuska tamau, ta yi mata kallon sama da ƙasa, irin kallon da yaro ke yi wa wanda ya ƙwace masa abu. Gwaggo ta sunkuya da ƙyar har fuskarsu ta daidaita.

"Ni ce, 'yar nan. Ki yi ta jin haushina har ki tsufa."

Kafinta ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna motsi. Aka kira lambar Gwaggo, ta miƙe ta shiga wurin likita.

Godiyar da ta maƙale a maƙogwaron bawan Allahn nan, mu muka ɗauko ta muka kawo miki, Gwaggo. Mun gode da shekarun da kika ba sanyi, mun gode da hannuwan da kika bari a can, mun fi godiya da ranar da kika faɗi abin da ba wanda ya tambaye ki. Ku kuma da ke tsaye a bakin aiki yau, a ɗakin gwaji ne, a gareji ne, a kantin magani ne, in hannu ya gaza ku ce a taimaka tun kafin a yi ɓarna. In kuwa an riga an yi, ku tashi da ƙafarku ku je ku faɗa tun mai abin yana numfashi. Allah ya sassauta miki ciwon nan, Gwaggo. Allah ya ba Auta tsawon ran da za ta gaji da jin haushinki.